Yatsu huɗu ƙasa da gwiwa

A gidanmu a Gangare, cikin garin Jos, ni ake yi wa tsiyar ci. Inna takan ce in an kwashe tuwo a fara ware nawa, in ba haka ba ƙannena su kwana da yunwa. Ina aji shida na firamare nakan tashi da masa goma a zama ɗaya, in kora da kunun tamba, in kuma leƙa tukunya ko akwai ƙanzo. Ban san ciki yana da wata magana ba bayan a cika shi. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da aka wayi gari loma uku tana neman gagararsa.

Mahaifinmu atamfa yake sayarwa a babbar kasuwar Taminus. A watan Fabrairun 2002 gobara ta tashi cikin dare ta cinye kasuwar, har da rumfarsa da duk abin da ya tara. Bai sake miƙewa ba, bayan shekara uku Allah Ya karɓi abinsa. Ni ne babban ɗa namiji, nauyin gida ya dawo wuyana. Na fara da tebur a bakin titi, rana ta doke ni, sanyin Disamba ya farfasa min leɓe, har na kama ɗan shago kusa da kangon kasuwar. Rikicin 2008 da na 2010 duk a kan idona aka yi su. Mun rufe shago, mun kwana ido biyu, ƙura ta lafa mun buɗe. Cikina bai taɓa cewa uffan ba.

Ranar Talata 20 ga Mayu 2014, wajen ƙarfe uku na rana, ina zaune da kwanon shinkafa da wake a cinya, bam na farko ya tashi. Turamen atamfa suka zubo daga kanta. Ƙanina mai bi na yana da teburin takalma can ta inda hayaƙin yake tashi. Na kira wayarsa, ba ta shiga. Akwai yaron shagona, ɗan maƙwabtanmu, shekararsa 17, ga saurin ƙafa. Na ce masa, "Ruga ka dubo min shi." Ya ajiye cokalinsa ya fita. Ba a yi rabin awa ba na biyun ya tashi, a daidai inda jama'a suka taru suna kwasar waɗanda na farkon ya ritsa da su. Mutum fiye da 100 suka rasu a ranar. Ƙanina ashe tun azahar ya tafi Bukuru karɓo kaya. Yaron kuwa da silifas ɗinsa muka gane shi.

Ba wanda ya ji lokacin da na aike shi. Uwarsa ta ɗauka da kansa ya fita don ya taimaka. A zaman makoki ana ta yabon zuciyarsa, ni ina gefe a kan tabarma ana ba ni haƙuri. An ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Na riƙe wannan magana hannu bibbiyu, na haɗiye abin da na sani.

Bayan babbar sallar shekarar abin ya fara. Ba ciwo ba ne irin wanda zai sa ka birgima a ƙasa. Sai in zauna da yunwata, in yi loma uku ko huɗu, in ji na ƙoshi kamar wanda ya ci bikin suna biyu. Ƙahon zucina ya ɗaure, kamar an ɗora min dutsen niƙa. Ciki ya kumbura har sai na sassauta mazagin wando. Gyatsa kuwa ba adadi, mai ƙara, wadda ba ta kawo sauƙi. A sahun salla nakan danne ta har idona ya kawo ruwa. Abincin rana yakan zauna a wurin har bayan isha'i, ina jin sa.

Kowa ya ce olsa ce. A Jos duk wanda cikinsa ya motsa olsa ce, ba sai an auna ba. Na zama ɗan gida a kemis: omeprazole da safe, farin maganin nan mai ɗanɗanon alli a aljihu, madarar gwangwani in abin ya motsa. Na bar yaji, na bar tumatir, na bar man ja, na bar wake, na bar shayi mai kauri, ni da a da ba na buɗe shago sai na sha. Duk abin da aka ce yana magani na gwada. An ce ruwan ɗanyen kabeji, na riƙa aikawa Farin Gada ana sayo min, ana markaɗawa, ina toshe hanci ina sha. Zuma da habbatus sauda, garin ɗanyar ayaba, nonon raƙumi, duk sun bi ta maƙogwarona. Wanzami ya yi min ƙaho a baya. Inna ta ce ba shakka an ba ni wani abu a abinci, don kasuwa ba ta rasa mahassada. Aka kawo wani jiƙo da ya sa na kwana ina amai, mai maganin ya tsaya a kan kwanon yana nuna wa Inna wani abu da tsinke yana cewa ga shi nan ya fito. Washegari dutsen yana nan inda yake.

Wadda ta fi kowa shan wahala uwar 'ya'yana ce. Mace ta tashi tun asuba ta yi maka girki, ka taɓa kaɗan ka ture kwano, yau da gobe da jibi. Wani dare ta zo ta zauna a bakin gado, ta ce, "Maigida, in girkina ne ya gundure ka, ka faɗa min. In kuma akwai inda kake ci, shi ma ka faɗa min, ba zan hana ka ba." Na rantse mata ba haka ba ne. Ta ce, "To mene ne?" Na ce olsa. Ta dube ni ta ɗauke kwanon ta fita. Har yau in na tuno sai in ji kunyarta.

Sai a 2017 na je asibiti na gaske. Aka auna bayan gida, aka ce ina da ƙwayar cutar nan H. pylori, wadda ita ce ke jawo yawancin gyambon ciki. Na yi murna, wallahi, don an samu mai laifi. Na sha ƙwayoyi iri uku na kwana 14, bakina ya yi ɗaci kamar na tauna ƙarfe. Aka sake aunawa aka ce ta tafi. Ciki ya yi sauƙi na wata ɗaya, ya dawo. Zuwa 2019 na sauka daga kilo 78 zuwa 62, rigunana suna yawo a jikina, abokan kasuwa suna kallona ta wutsiyar ido, na san abin da suke zargi. Likita ya ce wannan ramar ba za a zuba mata ido ba, sai an zura tiyo mai kyamara ta baki an duba. Aka yi. Aka yi hoton ciki, aka ɗebi jini. Na koma karɓar sakamako na riga na gama shirya wasiyya a zuciyata.

Ya ce, "Alhaji, cikinka lafiya lau. Babu gyambo, babu ƙari, babu komai."

Na fito na zauna a mota na yi kuka. Ba kukan murna ba ne. Shekara biyar ina fama, a ce babu komai? To ƙarya nake yi ke nan, ko hauka? Gaskiya likitan ya yi min bayani, ni ne kunnena ya toshe daga kalmar "babu". Ya ce akwai lalura sananniya wadda a cikinta ciki yake lafiya a ido amma aikinsa ya rikice: ba ya saki ya karɓi abinci yadda ya kamata, wani lokaci ba ya tura shi gaba da wuri, jijiyoyinsa kuma suna kai ƙara ƙwaƙwalwa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya rubuta min wata ƙaramar ƙwaya, amitriptyline, in riƙa sha da dare. Na kai takardar kemis, yaron kemis ya duba ya ce, "Oga, wannan ai na masu damuwar ƙwaƙwalwa ne." Na biya, na karɓa, na jefa a kwata kafin in kai gida. Wannan wautar tawa ce, ba ta kowa ba, kuma ta ci min shekara huɗu.

Allurar 'yan Caina, wadda ake kira akufanca, na fara haɗuwa da ita a 2021, a hannun wanda bai kamata ba. Wani shago ne a saman bene, da hotunan jikin mutum a bango da wata na'ura da za ka riƙe ƙarfenta kwamfuta ta lissafo maka cututtuka ashirin. Mu shida muke kwance a jere: mai ciwon baya, mai shanyewar ɓarin jiki, wata tsohuwa mai ciwon gwiwa, da ni. Na lura duk wuri ɗaya yake soka mana, hannu biyu ƙafa biyu, bai tambayi kowa komai ba. Alluran daga wani gwangwani mai ruwan sifirit yake tsamo su, in ya cire ya mayar. Sau uku na je. A na ukun ya ce sai na haɗa da wasu ƙwayoyi na kwalba na N45,000. Na sauko daga benen ban sake hawa ba. Daga baya da na ji cewa allurar da aka soka wa wani tana iya ɗauko ciwon hanta, sai da na je aka auna ni. Allah Ya rufa asiri.

Saboda haka da ƙanina, wanda ya koma Mararraba yana sayar da takalma a Abuja, ya kira ni a 2023 ya ce akwai wani likita a Garki mai irin wannan allurar, na ce masa ya bar ni da abin da ya dame ni. Ya ce, "Yaya, wannan likita ne na asibiti, ba ɗan talla ba. Ka zo ka gani, in bai yi ba ka sha iska ka koma." An cire tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, amma na bar wa babban ɗana shago na hau. Daga Hawan Kibo har Akwanga zuciyata tana tashi, leda a hannu.

Da na ga sunan likitan a ƙofa gabana ya faɗi. Sunan mutanen Pankshin ne. Ba zan yi ƙarya ba: wanda ya zauna a Jos daga 2001 zuwa yau ya san yadda garin ya rabu, ya san unguwannin da ba ya shiga bayan magariba. Ga shi zan tuɓe riga in kwanta, wannan mutumin ya tsaya a kaina da allura. Na shiga dai. Ya miƙe ya ba ni hannu, da Hausarsa ta Filato, ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan gida. Yaya Jos? Yaya sanyi?" A ƙasar Sin ya yi karatun likita, can ya koyo allurar.

Bai taɓa ni ba sai da ya karanta takarduna kaf, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce da ban zo da sakamakon kyamarar nan ba, da asibiti zai mayar da ni. Ya tambaye ni ko na taɓa aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, ko abinci yana maƙale min a wuya, ko ramar tana ci gaba. Ya ce mai ɗaya daga cikin waɗannan ba allura yake buƙata ba, bincike yake buƙata, kuma duk wanda ya soka masa allura ya sallame shi ya cuce shi. Daga nan ya shiga tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi min. Nauyi ne ko zafi? Kafin ci ko bayan ci? In na danna wurin daɗi nake ji ko ƙaruwa yake? Ruwan ɗumi ya fi min ko mai sanyi? In na yi gyatsa yana sauka? Bayan gida sau nawa, yaya kamanninsa? Barci fa? In raina ya ɓaci a kasuwa, cikin yana sani? Na yi dariya na ce shi yake fara sani kafin ni. Ya ce in fito da harshe, ya duba. Ya ɗora yatsu uku a tsintsiyar hannuna, dama da hagu, ya yi shiru.

Sai ya ce, "Alhaji, yaushe ya fara?"

Na ce ƙarshen 2014.

"Kafin nan me ya faru?"

Na ce ai ya sani, shi ma ɗan Filato ne. Ya ce ya san abin da ya faru a gari, abin da ya faru da ni yake tambaya. Ban san yadda aka yi ba. Wataƙila don baƙo ne, wataƙila don ba zai taɓa haɗuwa da uwar yaron ba. Na faɗa masa, har cokalin, har silifas ɗin. Shekara tara ke nan maganar ba ta fito ta bakina ba. Bai ce min ƙaddara ce ba, bai ce ba laifina ba ne. Ya tura min kwalin tishu, ya ce, "Allah Ya jiƙansa." Can ya ce, "Ku Hausawa ai kun riga likitoci sani. Baƙin ciki, farin ciki, zurfin ciki. In mutum ya tsorata ku ce cikinsa ya ɗuri ruwa. Ba ku ce baƙin kai ba." Ya ce akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya da ƙirji har ciki da hanji, saƙo yana hawa yana sauka a kanta dare da rana.

Sannan ya yi min bayanin yadda zai zaɓi inda zai soka, kuma wannan ne abin da na fi so mai irin ciwona ya riƙe. Ya ce gurabun allura da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayensu 361 ne, kowanne da sunansa na Sinanci da lambarsa, amma gwani ba yawa yake bi ba. Ga mai ciwon ciki irin nawa akwai na tushe da kusan kowa zai samu, akwai kuma na ƙari da ake zaɓa gwargwadon halin mutum. Na tushen ma kashi biyu ne, na kusa da ciwon da na nesa da shi.

Na kusa ya fara nuna min. Ya sa yatsa a ƙahon zucina, ɗaya a cibiya, ya raba tsakani: nan ne Zhongwan, CV12, wanda suke ɗauka a matsayin ƙofar ciki ta gaba. Ya auna daga cibiya zuwa dama da hagu, kimanin yatsu uku, ya ce Tianshu ke nan, ST25, na hanji. Na nesa kuma, ya kama hannuna ya jera yatsuna uku daga layin tsintsiyar hannu, tsakanin jijiyoyi biyun nan da ke tasowa in ka dunƙule hannu: Neiguan, PC6, na tashin zuciya da gyatsa. Ya ce shi ne gurbin da Turawa suke ɗaura wa wani abin hannu mai ɗan maɓalli don kada mota ko jirgin ruwa ya sa su amai. Na ce ina ma na sani tun a Hawan Kibo. Sai babbansu: ya lanƙwasa min gwiwa, ya ce in ɗora yatsuna huɗu a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ya matsa faɗin yatsa ɗaya daga ƙashin ƙwauri ta waje. Zusanli, ST36. Ma'anar sunan tafiyar zango uku ta ƙafa, wai matafiyin da ya gaji in an taɓa masa nan zai ƙara gaba.

Na tambaye shi me ya sa da yatsuna yake awo ba da nasa ba, ba kuma da tef ba. Ya ce awonsu, wanda suke kira tsun, na jikin mai shi ne: faɗin babban yatsanka tsun ɗaya, yatsunka huɗu a haɗe tsun uku. Dogo da gajere ba wuri ɗaya gurbinsu yake ba. Nan na gane shi sarai. Kakata ba ta san yadi ba, da kamu take auna zane, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kuma kamunta ba na maƙwabciyarta ba ne.

Na ƙarin su ne aikin tambayoyin nan da ya yi ta yi. Ya ce da ni mai kasala ne, mai son ruwan ɗumi, mai sakin bayan gida, da Taibai zai ƙara, a gefen ƙafa kusa da gindin babban yatsa. Da ƙwannafi ne da ƙishi da warin baki, da Neiting, tsakanin yatsa na biyu da na uku a ƙafa. Amma tunda nawa ɓacin rai yake bi, ga yawan ajiyar zuciya, Taichong zai sa, LR3, a bayan ƙafa tsakanin ƙashin babban yatsa da na kusa da shi. A lissafinsu na gargajiya wai hanta ce take taka ciki. Na zabura na ce an auna hantata lafiya. Ya yi dariya ya ce ba hantar da ake gani a hoto ba ce, tsohon salon magana ne na rarraba marasa lafiya, kada in ɗauke shi kamar sakamakon gwaji. Ya ce abin da aka gani a gwajin ɓeraye shi ne, sukan ƙafa yana ƙara motsin ciki ta waccan doguwar jijiya, sukan fatar ciki kuma yana lafar da shi, shi ya sa ake haɗa na kusa da na nesa.

A gabana ya yage ledar alluran, sababbi, sirara kamar gashin wutsiyar doki. Shigarsu ba ta kai cizon sauro ba. Amma da ya murza ta ƙwaurin, sai na ji wani nauyi mai tsami ya gangara har bayan ƙafata, kamar an danna tsohon targaɗe. Na ce "Wash!" Ya ce yauwa, abin da yake nema ke nan. Ya bar ni minti 30. Ina kwance ina kallon silin, cikina ya yi wata doguwar ƙugi, har mai taimaka masa ta juyo. Da ya cire su ya zuba a kwandon da ba a buɗewa.

Zama 12 ya yanka min, uku a mako, N8,000 kowanne. Na tare a Mararraba, kullum ina cikin cunkoson Nyanya. Zama uku na farko ban ga komai ba sai barci, wanda rabona da irinsa na manta. A na biyar matar ƙanina ta zuba min tuwon shinkafa, muna hira, na duba na ga na cinye rabi. A mako na uku bayan gida ya ɗaure min kwana uku. Da na faɗa masa sai ya ƙara wani gurbi a ƙwauri, Shangjuxu, yatsu huɗu ƙasa da Zusanli, wanda suke bai wa babban hanji. Wato zaɓin ba a yi shi sau ɗaya an rufe littafi ba, kowane zama sai ya sake tambaya. Matar ƙanina ta ce ita ma a yi mata, tana fama da kumburi. Da ya ji tana da juna biyu ya ce a'a, akwai gurabun da suke kauce wa ga mai ciki, kamar na saman idon sawu ta ciki da na tsakanin babban yatsa da manuniya, ta fara zuwa awo tukuna.

Ranar zama na goma na ce masa, "Likita, allurar nan ta yi." Na zaci zai ji daɗi. Sai ya ce in zauna ya faɗa min gaskiya. A 2020 an buga wani bincike da aka yi a Sin a kan mutum 278 masu irin ciwona. An raba su biyu, wasu aka yi musu allurar a gurabunta, wasu aka yi musu ta bogi, sama-sama a wuraren da ba gurabu ba, zama 12 cikin mako huɗu. Kimanin 83 cikin ɗari na rukunin farko suka ce sun samu sauƙi, amma a rukunin bogin ma kimanin 52 cikin ɗari sun ce haka. Waɗanda alamomin suka ɓace musu gaba ɗaya kuwa ba su kai 30 cikin ɗari ba ko a rukunin farko. Ya kuma ba ni labarin wani da aka yi a Amurka aka buga a 2008, a kan mutum 262 masu ciwon hanjin da gwaji ba ya ganin sababinsa. Can ba wanda aka yi wa allurar gaske. Waɗanda aka bari suna jira, 28 cikin ɗari suka samu sauƙi. Waɗanda aka yi wa ta bogi ba hira, 44. Waɗanda aka yi wa ta bogi amma aka zauna aka saurare su da kyau, 62.

Na ce, "To ni wanne ne ya yi min aiki?"

Ya ce, "Da na sani da na faɗa maka, Alhaji. Ni dai ba zan ce allurata ce kaɗai ba." Ya ce in koma wurin likitana na Jos in karɓi ƙwayar da na jefar, don ɗan ƙaramin awon da ake bai wa masu ciwon ciki don lafar da jijiyoyi ne, ba shi ne awon masu taɓin hankali ba. Ya ce in bar cin abinci sau biyu mai yawa, in riƙa ci kaɗan-kaɗan sau biyar, in rage maiƙo, in dawo da abincin da na kora ɗaya bayan ɗaya in ga wanda ba ya yi da ni da gaske. Ya ce akwai kuma maganar da allura ba ta kaiwa gare ta, na san ta.

Daren da zan bar Mararraba na faɗa wa ƙanina. Muna zaune a waje, an ɗauke wuta. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Wato ni ya je nema." Na ce ni na aike shi. Muka yi shiru har sauro ya kore mu ciki.

Uwar yaron ta fi wuya. Sai da na yi wata biyu a Jos ina wuce ƙofar gidansu. Na nemi shawarar wani malami da nake ganin girmansa, ya ce ba kisa na yi ba kuma babu diyya a kaina, amma in zuciyata ba ta sake ba in je. Na je da uwar 'ya'yana, wadda sai a daren ta ji labarin, ta kuma yi kukan da ban san na yaron ba ne ko na shekarun da ta yi tana zargin girkinta. Tsohuwar ta saurare ni har ƙarshe, tana jan carbi. Ta ce, "Ɗan nan, da kai ka aike shi da shi ya tafi, kwanansa ne ya ƙare." Ta yi shiru, ta ƙara da cewa, "Amma da ka faɗa min tun a lokacin." Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta sa aka kawo mana ruwa. Yanzu duk Juma'a nakan leƙa in gaishe ta. Wata rana ta amsa da fara'a, wata rana a taƙaice.

Ban warke ba, kada wani ya karanta wannan ya ce na ce na warke. Kilo 70 nake yanzu. Ina shan ƙwayar dare, likitana ya ce nan gaba za mu gwada ragewa. Wake ya dawo, tumatir ya dawo, ashe ba su da laifi. Soyayyen nama da man ja mai yawa ne har yau ba ma shiri. Gwaten acca rabin kwano nake ci in ajiye, in ƙarasa bayan la'asar. Sau biyu na koma Garki, zama huɗu-huɗu, da abin ya so ya dawo, kuma kowane zuwa sai ya sake duba harshe ya sake tambaya kamar bai taɓa ganina ba. Mutum uku na tura masa daga kasuwa. Ɗaya ya mayar da shi asibiti a ranar, don bayan gidansa baƙi ne.

Watan Mayu kuwa har yanzu cikina ya san shi. Bana ma ranar 20 ga wata na kasa karyawa. Da hantsi wata hajiya ta shigo tana taya turmi, na ce 18 ta ce 14, ina zaune a bayan kanta na ɗora yatsu huɗu a ƙasan gwiwa, na matsa yatsa ɗaya waje, ina dannawa da babban yatsa. Ta leƙo ta ce, "Alhaji, ƙafar ce?" Na ce a'a Hajiya, ciki ne. Ta dube ni ta dubi ƙafar, ta ce to a bar mata a 15.